Yadda Ake Rubuta Makro a AutoCAD Ya Yi Aiki a Kwamfutar Faransanci da ta Ingilishi

Duk wanda ya zauna a ofishin zanen gine-gine ko na awon filaye a Garuwa, Marwa ko Ngaundere ya san inda yawancin lokacin mai zane yake tafiya: buɗe leya (wato ɗaya daga cikin rukunonin da ake raba abubuwan zane a kansu), canza launi, fitar da kaurin bango, shigar da lambobin iyakar fili ɗaya bayan ɗaya, lissafa faɗin fili, da share tarkacen zane kafin a kai wa mai buga takarda. Waɗannan ayyuka ba sa buƙatar tunani mai zurfi, amma suna cin yini, kuma a cikinsu ne gajiya take jawo kuskure. Manhajar AutoCAD, wadda kamfanin Autodesk ya fitar a watan Disamba na 1982, an gina ta ne yadda mai aiki zai iya jera umarni da yawa ya ɗaure su a kan maɓalli guda, kuma wannan jerin shi ake kira makro.

A yankinmu akwai wata matsala da darussan intanet ba su cika kula da ita ba. Wanda ya koyi zane a Marwa ko Ngaundere galibi da AutoCAD ta Faransanci ya saba, yana rubuta LIGNE, CERCLE, DECALER da CALQUE, shi kuwa wanda ya yi karatu a Yola, Mubi ko Maiduguri da LINE, CIRCLE, OFFSET da LAYER ya saba. Sau da yawa za ka same su a ofishi ɗaya, kowa da kwamfutarsa, suna miƙa wa juna fayil a filashi. Makron da aka rubuta da sunayen harshe ɗaya ba zai motsa a ɗaya kwamfutar ba. Don haka shawarata ita ce tun daga layin farko ka rubuta abinka yadda zai yi aiki a kowace kwamfuta, kuma hanyar yin hakan ba ta da wuya.

Alamomi uku da ake sa wa gaban umarni

Ta farko ita ce ƙaramar sandar ƙasa, wato _ . Idan ka sa ta a gaban sunan umarni na Ingilishi, kowace AutoCAD za ta gane shi ko da wane harshe take magana. A kwamfutar Faransanci, LINE kaɗai ba zai karɓu ba, amma _LINE zai buɗe umarnin LIGNE nan take. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne zaɓuɓɓukan cikin umarni ma suna buƙatar wannan sanda. Idan manhajar ta yi tambayar da amsarta e ce ko a'a, ta Ingilishi Y take jira, ta Faransanci kuma O take jira. Idan ka rubuta _Y, duka biyun za su karɓa. Sunayen saituna kuwa, irin su OSMODE da FILEDIA, ba a fassara su, iri ɗaya ne a ko'ina.

Ta biyu ita ce karan ɗori, wato - . Umarni da dama, kamar LAYER, INSERT da PURGE, akwatin zaɓi suke buɗewa, makro kuwa ba ya iya danna abin da ke cikin akwati. Idan ka rubuta -LAYER, sai umarnin ya bar akwatin ya riƙa yi maka tambayoyi a layin umarni da ke ƙasan allo, inda makro zai iya amsawa. Ana haɗa alamomin biyu haka: _-LAYER.

Ta uku ita ce ɗigo. Wasu ƙarin manhajoji da ake ɗora wa AutoCAD sukan canza ma'anar umarni na asali, kuma ɗigo a gaban suna, kamar _.LINE, yana tilasta a yi amfani da na asalin. A cikin AutoLISP, da za mu zo kansa, an saba sa shi kullum.

Idan ka san sunan umarni a Faransanci amma ba ka san na Ingilishi ba, ba sai ka nemi ƙamus ba. A kwamfutar Faransanci rubuta wannan a layin umarni, da bakansa biyu:

(getcname "DECALER")

Za ta amsa maka da _OFFSET. Idan ka juya, ka ba ta "_OFFSET", za ta ba ka DECALER.

Ga masu kibod ɗin Faransanci, wanda haruffansa suka fara da AZERTY: sandar ƙasa tana kan maɓallin 8, sandar da ta jingina baya, wato \ , tana fitowa da AltGr da 8, alamar ^ da AltGr da 9, alamar @ kuma da AltGr da 0. Waɗannan huɗun za ka yi ta buƙatarsu.

Kafin ka rubuta komai, yi aikin da hannu

Makro ba shi da ido, amsoshi kawai yake zubawa a jere, kamar mai karanta wa wani takarda ba tare da ya ɗaga kai ya dubi fuskarsa ba. Idan amsa ɗaya ta faɗi a wurin da ba nata ba, duk na bayanta sun lalace. Saboda haka matakin farko shi ne ka gudanar da umarnin da hannunka a layin umarni, ka rubuta a takarda duk abin da ka buga da duk inda ka danna Enter, wanda kibod ɗin Faransanci ya rubuta Entrée. Maɓallin F2 yana buɗe tarihin duk tambayoyin da manhajar ta yi da amsoshin da ka bayar, kuma daga nan ne za ka kwafo jerin.

A ɗauki misalin buɗe leyar bango mai jan launi sannan a fara zana layi. Da hannu za ka buga _-LAYER, ka danna Enter, ka buga _M don a ƙirƙiri leya a kuma hau kanta, ka ba ta suna BANGO, ka buga _C don launi, ka buga 1 wanda shi ne ja, ka danna Enter don amincewa cewa leyar BANGO za a shafa wa launin, ka sake danna Enter don fita. A cikin makro, waƙafi mai ruwa, wato ; , shi ne yake tsayawa a madadin Enter. Ga yadda zai kasance:

^C^C_-LAYER;_M;BANGO;_C;1;;;_PLINE;

Alamar ^C daidai take da danna Esc, kuma ana sa ta sau biyu a farko domin a tabbatar an fita daga duk umarnin da yake gudana, tunda wasu ba sa sakin mutum da dannawa ɗaya. Ka lura da waƙafi mai ruwa guda uku da ke bayan 1: na farko ya rufe lambar launi, na biyu ya amince da sunan leya, na uku ya fita daga umarnin. Idan ka rage ɗaya, kalmar _PLINE za ta faɗa cikin tambayar leya a matsayin amsa marar ma'ana. Idan ka ƙara ɗaya, manhajar za ta maimaita umarnin leya, domin Enter a layin da babu komai maimaici yake nufi. Gurbin da ake bari tsakanin kalmomi ma Enter ne a wurin makro, don haka na fi son waƙafi mai ruwa, wanda ido yake iya ƙirgawa.

Don ɗora shi a kan maɓalli, buga _CUI, wanda a Faransanci sunansa IUP. A ɓangaren hagu na ƙasa akwai jerin umarni da wani ƙaramin maɓalli mai hoton tauraro na ƙirƙirar sabon umarni. Danna shi, ka ba shi suna a dama, ka liƙa makron a gurbin da aka rubuta Macro, ka zaɓar masa hoto. Daga nan sai ka ja shi da linzami ka ajiye a kan sandar kayan aiki ko a ƙarƙashin gajerun hanyoyin kibod, ka haɗa shi da maɓallan da kake so. Akwai hanya mafi sauri ga mai gwaji: Ctrl da 3 suna buɗe allunan kayan aiki, inda za ka iya kwafe wani kayan umarni da ke wurin ka canza rubutun umarninsa zuwa naka.

Kada ka zuba makrorinka a cikin babban fayil ɗin manhajar, wato acad.cuix. Ka ƙirƙiri naka ƙaramin fayil na cuix daga cikin wannan taga, ka ba shi sunan ofishinku, ka riƙa ɗora shi da umarnin _CUILOAD. Ranar da aka wanke kwamfuta ko aka canza fitowar manhajar, fayil ɗaya za ka ɗauka, kuma shi za ka ba abokin aikinka.

Makron da yake tsayawa ya jira ka

Sandar da ta jingina baya tana sa makro ya dakata har ka danna wuri a zane ko ka buga lamba, sannan ya ci gaba. Tauraro a farkon layi kuma yana sa ya yi ta maimaituwa har sai ka danna Esc. Ga wanda yake zane da mita, wannan yana ajiye ginshiƙi mai santimita 20 a kowane gefe duk inda ka danna:

*^C^C_RECTANG;\@0.2,0.2;

Alamar @ tana nufin a auna daga wurin da aka danna na ƙarshe. Shi kuma wannan yana fitar da kaurin bangon bulo na santimita 15, kuma za ka iya yin wani na 20 a kan wani maɓalli:

^C^C_OFFSET;0.15;

Idan ofishinku da santimita yake zane, sai ka mai da lambobin 20 da 15. Wannan yana nuna abin da ya kamata a daidaita kafin a fara rubuta makro: ma'auni ɗaya da sunayen leya ɗaya ga kowa a ofis. Saitin INSUNITS yana riƙe da ma'aunin zane, 4 milimita ce, 5 santimita, 6 mita. Sunayen leya kuwa gara a rubuta su da haruffa marasa lanƙwasa da marasa alamar sama, domin irin su é da ƙ sukan rikiɗe idan fayil ya ratsa kwamfutoci masu saiti daban-daban.

Akwai togaciya guda mai amfani game da dakatawa. A al'ada sandar da ta jingina baya dannawa ɗaya kawai take jira, amma a cikin umarnin _SELECT tana jira har ka gama zaɓen duk abin da kake so. Da haka ake mai da tarin abubuwa kan leya guda:

^C^C_SELECT;\_CHPROP;_P;;_LA;BANGO;;

A nan _P yana nufin zaɓen da aka yi yanzu. Wanda kuma nake ganin kowane ofishi yana buƙata shi ne na tsabtace zane kafin a aika:

^C^C_-PURGE;_A;*;_N;_AUDIT;_Y;_ZOOM;_E;_QSAVE;

Yana share leyoyi da bulok (tarin zane da aka ɗaure ya zama abu guda) waɗanda ba a yi amfani da su ba, ya binciki fayil ya gyara kurakuransa, ya nuna zanen gaba ɗaya, ya adana. Fayil yana raguwa sosai, abin da yake da muhimmanci ga mai turawa ta WhatsApp da kuɗin datarsa. A wurin da wuta take ɗaukewa ba sanarwa, yana da kyau kuma ka duba saitin SAVETIME, wanda yake zuwa a kan minti 10, ka rage shi zuwa 5.

Hanyoyi biyu zan ambata a taƙaice. Fayil ɗin acad.pgp yana riƙe da gajerun sunayen umarni, kuma za ka iya ƙara naka a ƙarshensa, sannan ka buga _REINIT don manhajar ta sake karanta shi; sunan umarni kawai yake ɗauka, ba ya ɗaukar zaɓuɓɓuka. Akwai kuma mai naɗar aiki da ya shigo tun fitowar 2009, wanda ake kunnawa da _ACTRECORD a tsayar da _ACTSTOP. Yana da daɗi ga sabon shiga, amma gyara abin da ya naɗa yana da wahala, kuma ban ga ya kai makron da aka rubuta da hannu ba.

Daga teburin Excel zuwa zanen fili

A nan ne masu awon filaye suke samun riba mafi girma. Mai awo ya dawo daga daji da lambobin alamomin iyaka ɗari biyu ko uku, kuma shigar da su da hannu yana nufin wuni guda da haɗarin juya lamba. Maganin shi ne sikirif, wato fayil na rubutu zalla mai ƙarewa da .scr, wanda kowane layinsa umarni ne ko amsa. A cikinsa sauka sabon layi shi ne Enter, gurbi ma Enter ne, waƙafi mai ruwa a farkon layi kuwa yana nufin bayani ne da manhajar za ta tsallake.

Garuwa, Marwa, Ngaundere, Kuseri da Njamena duk suna cikin yanki na 33 na arewa a tsarin UTM, wato tsarin ba kowane wuri lambobinsa da mita a taswira, yankin da ya kama daga digiri 12 zuwa 18 na gabas. A kewayen Garuwa lambar gabas takan faɗi wajen 324000, ta arewa kuma wajen 1029000. AutoCAD ta gabas take karɓa da farko a matsayin X, sannan ta arewa a matsayin Y, don haka ka duba teburin da aka ba ka tukuna, tunda wasu na'urorin awo ta arewa suke fara fitarwa. Idan aka juya su, filin zai fito a juye kuma a wani wuri daban.

Babban tarkon shi ne waƙafi. Excel na Faransanci yana rubuta 324150,25 da waƙafi, ita kuwa AutoCAD, ko ta Faransanci ce, ɗigo take karɓa a tsakiyar lamba, waƙafi kuma a wurinta shi yake raba X da Y. Idan ka kwafe lambobin yadda suke, za ta ga guda huɗu a maimakon biyu, ta ƙi. A ce sunan alama yana shafin A, X yana B, Y yana C. A cikin D2 ka rubuta:

="_POINT "&SUBSTITUE(B2;",";".")&","&SUBSTITUE(C2;",";".")

A Excel na Ingilishi sunan aikin SUBSTITUTE ne, kuma waƙafi ne yake raba sassansa a maimakon waƙafi mai ruwa. Idan lambobin da ɗigo suke, ba ka ma buƙatarsa. Ja wannan layi zuwa ƙasa har ƙarshen tebur, ka kwafe shafin D ka liƙa a Notepad, wanda Windows ta Faransanci take kira Bloc-notes. A saman fayil ɗin ƙara layuka uku, ya zama kamar haka:

OSMODE 0
PDMODE 35
PDSIZE 0.5
_POINT 324150.25,1029410.80
_POINT 324170.25,1029410.80
_POINT 324170.25,1029385.80

Layin OSMODE 0 yana kashe kamun linzami, wato yadda manhajar take jan alama ta manne a ƙarshe ko tsakiyar abin da ke kusa; shi ne ya fi kowanne muhimmanci, kuma ga dalili. Akwai saitin OSNAPCOORD wanda yake zuwa a kan 2, ma'anarsa lambobin da aka buga suna rinjayar kamun linzami a ko'ina ban da cikin sikirif. Wato idan kamun ƙarshen layi yana kunne, kuma akwai wani layi kusa da inda sabuwar alama za ta sauka, sai alamar ta tsallake ta manne masa ba tare da wani gargaɗi ba. A zanen gida wannan ɓata lokaci ne kawai, amma a takardar fili iyaka ce ta gusa, kuma kowa ya san irin rigimar da gusawar mita ɗaya take haifarwa tsakanin maƙwabta. Kafin ka kashe shi, buga OSMODE ka rubuta lambar da ke ciki, don ka mayar da ita a layin ƙarshe na sikirif. PDMODE 35 kuwa yana sa alamar ta fito da'ira mai giciye a ciki, yadda za a gan ta, PDSIZE kuma girmanta ne.

Wajen adanawa ka zaɓi nau'in duk fayiloli, ka rubuta suna kamar iyaka.scr, in ba haka ba Notepad zai liƙa masa .txt a baya. Ka tabbata layin ƙarshe ya ƙare da Enter guda ɗaya tak, kuma babu gurbi a ƙarshen kowane layi. Sai ka buga _SCRIPT ka zaɓi fayil ɗin, ko ka ja shi ka jefa cikin zanen. Idan ya tsaya a hanya, F2 zai nuna maka layin da ya shaƙe. Idan kuma sakamakon bai yi ba, umarnin _U sau ɗaya yana janye duk abin da sikirif ɗin ya yi.

Don zana iyakar kanta, sa _PLINE a layi shi kaɗai, ka bi shi da lambobin alamomi kowace a layinta ba tare da kalmar _POINT ba, ka rufe da _C. Don rubuta sunan kowace alama a gefenta, irin wannan dabarar ce da _-TEXT: wuri, tsayin rubutu, kusurwa, sannan sunan daga shafin A.

Idan aikin yana buƙatar lissafi

Makro da sikirif ba sa lissafi sosai, kuma ba sa duba abin da ke cikin zane su yanke shawara. Wannan aikin AutoLISP ne, harshen da aka sa a AutoCAD tun 1986. Shekaru da yawa AutoCAD LT, wato ƙaramin nau'in manhajar, ba ta karɓarsa, sai daga fitowar 2024. A takardun filaye na Kamaru ana yawan rubuta faɗi da hekta, ar da santiyar, inda hekta take murabba'in mita 10,000, ar 100, santiyar kuma 1. Ga ɗan shirin da yake auna fili ya rubuta faɗinsa da wannan tsari:

(defun c:FILI (/ e p n)
(setq e (car (entsel "\nZabi iyakar fili: ")))
(command "_.AREA" "_O" e)
(setq n (fix (+ (getvar "AREA") 0.5)))
(setq p (getpoint "\nIna za a rubuta? "))
(command "_.TEXT" "_non" p 1.5 0
(strcat (itoa (/ n 10000)) " ha "
(itoa (/ (rem n 10000) 100)) " a "
(itoa (rem n 100)) " ca"))
(princ))

Harafin c da ruwa biyu a gaban FILI su ne suke mai da shi umarnin da za ka iya bugawa kamar kowane. Layi na biyu yana neman ka danna iyakar, wadda dole ta kasance rufaffen layi guda. Na uku yana kiran umarnin auna faɗi, na huɗu ya ɗauko sakamakon daga saitin AREA ya mai da shi cikakkiyar lamba mafi kusa. Sauran rabawa ce: filin murabba'in mita 12,345 zai fito 1 ha 23 a 45 ca. Kalmar _non tana hana kamun linzami jan rubutun zuwa wani wuri.

Wannan shiri yana cin moriyar wata ɗabi'a ta AutoLISP da take ka da sababbin shiga a wasu wurare: idan aka raba cikakkiyar lamba da cikakkiyar lamba, ragowar zubar da ita ake yi. (/ 5 2) yana ba da 2, sai ka rubuta (/ 5 2.0) kafin ka sami 2.5. Duk mai lissafin yawan bulo ko buhun siminti da wannan harshe ya riƙe wannan da kyau. Abu na biyu, umarnin TEXT yana tambayar tsayin rubutu ne kawai idan salon rubutun da ake kai ba a ɗaure masa tsayi ba. Idan an ɗaure, tambayar ba za ta zo ba, sai 1.5 ta faɗa gurbin kusurwa, rubutun ya lalace. Ka duba da _STYLE cewa tsayin salon yana kan 0.

Adana shi da suna fili.lsp, ka ɗora da _APPLOAD. A cikin wannan taga akwai hoton jaka na abubuwan da ake ɗorawa a farkon buɗe manhaja. Idan ka sa fayil ɗin a ciki, kullum zai kasance a shirye. Daga nan za ka iya yi masa maɓalli da makro mai sauƙi, ^C^CFILI; kuma wannan ba ya buƙatar sandar ƙasa tunda sunan naka ne.

Hattara da fayil ɗin da ba kai ka rubuta ba

AutoCAD tana ɗora fayil mai suna acad.lsp ko acaddoc.lsp da kanta idan ta same shi a hanyarta, kuma tsofaffin fitowa suna dubawa har cikin foldar da zanen yake. Masu rubuta ƙwayar cutar kwamfuta sun daɗe da gane haka. A 2012 kamfanin ESET ya bayyana wata mai suna ACAD/Medre.A, wadda aka rubuta da AutoLISP, ta riƙa kwashe zane-zane, mafi yawa daga ƙasar Peru, tana aika su ta imel. A wurinmu, inda filashi ɗaya yake zagaya ofis, shagon buga takarda da kwamfutar ɗalibi a yini guda, irin waɗannan fayiloli suna yaɗuwa cikin sauƙi. Idan ka buɗe foldar zane da aka kawo maka ka ga acad.lsp, acaddoc.lsp, acad.fas ko acad.vlx wanda ba ka san da shi ba, goge shi kafin ka buɗe zanen, kuma ka sa Windows ta nuna ɓoyayyun fayiloli domin sukan ɓuya.

Fitowar 2014 zuwa sama suna da kariya ta saitin SECURELOAD da TRUSTEDPATHS. Yi folda guda, misali C:\MAKRO, ka tara duk fayilolinka na lsp, scr da cuix a ciki, ka shiga _OPTIONS ka ƙara ta a jerin amintattun wurare da kuma jerin hanyoyin neman fayil. Wasu sukan mai da SECURELOAD 0 don gargaɗin ya daina damunsu, kuma ban yarda da wannan ba ko kaɗan, domin gargaɗin shi ne abu na ƙarshe da ke tsakanin aikin ofishinku da fayil ɗin wani.

Zane hamsin a lokaci guda

Tun fitowar 2013, AutoCAD tana zuwa da wani ƙaramin shiri, accoreconsole.exe, wanda yake buɗe zane ba tare da nuna taga ba, ya gudanar da sikirif a kansa ya rufe. Yana da sauri ƙwarai ko a kwamfutar da ta kwana biyu. Rubuta sikirif na tsabtacewa, kowace amsa a layinta, ya ƙare da _QSAVE, ka adana shi a C:\MAKRO\share.scr. Sannan a Notepad rubuta wannan layi guda, ka adana da suna mai ƙarewa da .bat a cikin foldar zane-zanen:

for %%f in (*.dwg) do "C:\Program Files\Autodesk\AutoCAD 2021\accoreconsole.exe" /i "%%~ff" /s "C:\MAKRO\share.scr"

Canza shekarar ta dace da fitowar da ke kwamfutarka. Danna fayil ɗin sau biyu, zai bi duk zanen da ke cikin foldar ɗaya bayan ɗaya. A nan babu janyewa, tunda kowane fayil adana shi ake yi, don haka kwafe foldar gaba ɗaya zuwa wani wuri tukuna, ka gwada a kan zane biyu ko uku, ka buɗe su ka duba da idonka kafin ka saki sauran. Ka kuma lura cewa adanawa da sabuwar fitowa na iya sa abokin aikin da ke kan tsohuwa ya kasa buɗe zanen, don haka ku yi magana a kan wannan kafin aikin.

Ga ofisoshin da kuɗin lasisin AutoCAD ya yi wa nauyi, BricsCAD, ZWCAD da GstarCAD suna buɗe fayil ɗin dwg, wato na zanen AutoCAD, suna karɓar sikirif da LISP, kuma yawancin abin da aka rubuta a sama zai yi aiki a cikinsu, sai dai jerin tambayoyin wani umarni kan ɗan bambanta, don haka sai an sake bin sa da hannu a duba da F2. FreeCAD kyauta ce baki ɗaya, amma hanyarta daban ce: makronta da harshen Python ake rubuta shi, kuma tana da maɓallin naɗa a ƙarƙashin Macro wanda yake rubuta maka layukan Python na duk abin da ka yi, ka buɗe su ka gyara lambobin yadda kake so.